Kunnen Lahadi

Duk Narayi babu wanda bai san sirrin gidanmu ba, kuma ba magulmata ne suka kai musu ba, ni ce da bakina. In zan ce wa mijina gishiri ya ƙare, sai maƙwabciyata ta aiko min da shi. In zan ce masa wandonsa ya yage ta baya, kafin ya kai bakin titi yara sun riga sun sani. To yaya zan yi? Mutumin ba ya ji sai an ɗaga murya, ni kuma Allah ya hore min murya.

Sunana Juliana, amma a unguwa Maman Nelson ake ce min, mai injin markaɗe. Mijina Jethro, Baban Nelson, a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa a Kakuri, cikin ɗakin da injunan saƙa ke ruri dare da rana. A can suka koyi magana da hannu da kallon leɓe, don ko ka tsage maƙogwaro na kusa da kai ba zai ji ba. Kunnen bai tafi rana ɗaya ba. Da farko rediyo yake ƙure wa murya, sai ya fara cewa fastocin yanzu ba sa buɗe baki, daga ƙarshe ya koma kaɗa kai. Ka ce masa an yi haihuwa, ya kaɗa kai ya ce, “Haka ne.” Ka ce masa an yi rasuwa, “Haka ne.” Ranar da sojoji suka miƙa mulki ya manna rediyo a kunne har aka gama rantsuwa. Da na tambaye shi me aka ce, sai ya ce ai abin da aka saba faɗa ne. Na san bai ji komai ba, ya kuma ba ni tausayi, amma ban nuna ba, don ba ya son a tausaya masa.

Akwai yarinya a hannunmu, Lizzy, ’yar ƙanensa Ishaya. Uban ya rasu tana ƙarama, uwar ta bi shi ba da jimawa ba, muka ɗauko ta daga ƙauye muka haɗa da namu. Duk gidan mun zama masu ihu, har Nelson malamansa kan ce ya rage murya a aji, amma ban da Lizzy. Ita maganarta kamar ta mai tsoron ta da jariri. In tana da abin gaya wa Babanta ni take gaya wa, ni kuma in kwarara masa. A haka ta girma, ta koyi ɗinki, ta buɗe ɗan shago a Sabon Tasha. A nan Chigozie ya gan ta.

Chigozie Ibo ne, bakanike, yana aiki a garejin kawunsa Oga Boniface. Yaro mai hankali, in ya zo gaisuwa har ƙasa yake kaiwa, kuma duk ranar da injina ya yi gardama shi ke zuwa ya lallashe shi. Ni dai a raina na ba shi tun kafin ya tambaya.

A wurinmu, ranar da masu neman aure suka kawo goro da lemo, ba a taɓa komai sai uba ya kira yarinya gaban kowa ya tambaye ta ko ta san mutanen, ko a karɓi kayansu. In ta ce e, sai a buɗe lemo. Yawanci cika al’ada ne kawai, kowa ya san amsar tun daga gida. Ranar tamu falo ya cika. Uban Chigozie, tsoho tukuf da jar hula da sanda, ya kwana a hanya daga ƙasarsu. Daga namu ɓangaren akwai Sunday, ɗan baffan mijina, mutumin da ba a taɓa gama tambaya bai amsa ba.

Lizzy ta shigo ta durƙusa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kai a sunkuye, yadda kowace ’yar mutunci ke yi.

Baban Nelson ya ce, “Lizzy, kin san mutanen nan? In karɓi kayansu?”

Ta amsa. Ni na ji, baƙi sun ji, har wani ya miƙa hannu wajen lemo. Shi kuwa tsakiyar kanta kawai yake gani, babu leɓen da zai karanta.

Sunday ya matso kunnensa ya ce da ƙarfi, “Yaya, ta ce e!”

“Kai na tambaya?” Ya juya wajen yarinyar. “Ɗago kanki, ki faɗa in ji.”

Ta ɗago kaɗan, ta ga idanu sun yi mata caa, bakinta ya ƙi buɗuwa. Sai ta kaɗa kai, hawaye na zuba.

“To ga shi ta kaɗa kai,” in ji Sunday. “Sai me kuma?”

Baban Nelson ya ce, “Ban ji ba. Abin da ban ji ba kuwa, ba zan ci goronsa ba.”

Wayyo Allah! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Lizzy ta tashi da gudu. Baƙi suka kwashe kayansu, tsohon ya faɗi wata magana da yarensu a bakin ƙofa, kuma ban nemi wanda zai fassara min ba.

Suna fita na sauke masa kwandon bala’i. Na ce ya kunyata mu, ya kunyata marainiya, ya sa tsoho ya kwana a mota a banza. Ya zauna yana kallon bakina har na gaji.

Sannan ya ce, “Maman Nelson, tun yaushe nake kaɗa kai a gidan nan? Na kaɗa wa fasto, na kaɗa wa likita, na kaɗa miki, ban san abin da na yarda da shi ba. Kaɗa kai abin da mutum ke yi ne in yana so a ƙyale shi. Ni na fi kowa sanin wannan. Yarinyar da ba ta da uba, kowa na iya amsa mata. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.”

Na tashi na shige kicin.

Washegari Lizzy ta ɗaure kayanta ta koma wurin gwaggonta a Kamazou, ko sallama ba ta yi masa ba. Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, wai Jethro ya ce ba zai ba Ibo ’yarsa ba, shi ne ya fake da kunne.

Oga Boniface da kansa ya zo. Ya daɗe a Kaduna, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya shigo a murtuke, amma da na ba shi labarin kaɗa kai sai ya sosa ƙeya.

Ya ce, “Mama, na shawo kan tsoho da ƙyar. Zai dawo sau ɗaya kafin Kirsimeti. In aka sake abin da aka yi, zai tafi da ɗansa gida hutu, kuma ba zai bar shi ya dawo ba sai ya yi masa mata a can.” Ya juya ya fuskanci mijina sosai don ya ga bakinsa. “Baba, akwai wata na’ura da ake sawa a kunne. Wani mai kawo min mota yana da ita, har tsegumi yake ji. Ana samu a asibitin kunne a ƙetaren gada. Ni zan biya.”

Zuciyata ta yi fari. Sai na ji mutumin nan nawa ya ce, “Na gode, Oga. Amma kunnen da zai ji amsar ’yata, ba za a saye shi da kuɗin masu nemanta ba.”

Kamar in shaƙe shi! Oga Boniface kuwa dariya ya yi, ya miƙa masa hannu biyu. Ya ce to ai mota ba kunne ba ce, shi zai kai mu asibitin, kuma ya kai mu.

A can muka samu wata ma’aikaciya, Malama Hadiza, doguwa, mai sanyin hali. Ta leƙa kunnuwansa da ’yar fitila, ta shigar da shi wani ɗan ɗaki kamar akurki, ta ɗora masa wani abu a ka, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina leƙensa ta gilashi. Ta yi ta danne-danne, hannunsa na kan gwiwa, sai can ba a rasa ba ya ɗaga. Ranar na san nisan da mijina ya yi, na juya na share ido da bakin zane.

Ta jera mana iri uku a tebur. Akwai wadda ake sawa a aljihu da igiya zuwa kunne, akwai mai lanƙwasa da ake rataya a bayan kunne, akwai ’yar mitsitsiya da ke shigewa ciki ba a gani. Hannunsa ya tafi kai tsaye kan mitsitsiyar.

Na ce, “Duk Narayi an san ba ka ji, wa kake ɓoye wa?”

Malama Hadiza ta danne dariya. Ta ce wannan ta fi tsada, ga shi ba ta da ƙarfin da kunnensa ke bukata. Ni ta aljihu na so, don ita ce mai sauƙin kuɗi, shi kuma ya ce ba zai yi yawo da igiya a wuya kamar akuya ba. Muka daidaita a kan ta bayan kunne. Ta ce da so samu ne a sa biyu, amma da ta faɗi kuɗin guda ɗaya sai na ji nawa kunnen ma ya toshe. Muka ce ɗaya, a na dama, don shi ne mai ɗan saura.

Tambaya ɗaya ya yi mata. “Malama, za ta kama muryar mai kunya?”

Ta matso ta ce, “In ɗaki ya yi shiru, Baba, kuma kunnenka ya saba da ita.”

Ta cusa masa wani abu mai laushi kamar ƙullu a kunne, ta zare shi da ya daskare, ta ce da shi za a ƙera abin da zai zauna daidai da ramin kunnensa. Mu je mu nemo kuɗi.

Uwar aladuna na fara sayarwa, da cikinta, ina ji ina gani aka ɗaure ta a bayan mota tana kuka. Nelson ya aiko da abin da ya samu daga wurin aikinsa. Duk da haka da saura. A Zumuntar Mata ta cocinmu muna adashe, kuma ɗaukata na da nisa. Ban roƙi kowa ba, amma ai na gaya muku babu sirri a gidana. Ranar kwasa, matar da ke da ɗauka, wadda ta daɗe tana jira don ta yi rufin ɗaki, ta tura min ƙunshin gaba ɗaya ta ce rufi zai jira rani, aure ba zai jira ba. Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar na yi. Har gobe in na tuna matan nan sai na sa musu albarka.

Ranar da aka saka masa, Malama Hadiza ta rataya na’urar, ta murza wani ɗan abu. Ya zabura, ya dubi fankar sama, ya dubi takardar da take juyawa, ya goga takalminsa a ƙasa ya sake gogawa.

Na ce, “Baban Nelson, kana ji?”

Ya dafe kunne. “Haba! Me na yi miki kike min tsawa?”

“Tsawa? Ai haka nake maka magana tun Nelson na goye!”

Muka yi dariya mu duka. Ta yi mana bayani: a cire in za a yi wanka, kada ta jiƙe, batirinta ɗan ƙarami ne kamar maɓallin riga kuma ba ya daɗewa, sannan ya riƙa sawa kullum, kaɗan-kaɗan. Muka kaɗa kai mu biyu. Muna fita titi wata bas ta danna oda, ’yan acaɓa suka taya ta, kafin mu kai gada ya zare abar ya ƙunshe a hankici.

To a nan ne muka yi abin da duk ɗan gidanmu zai yi. A wurinmu abu mai tsada ba ya yawo a tsakar gida. Kwat ɗinsa ta aure, takalminsa mai sheƙi, agogon da aka ba shi da ya bar masaƙa, zanen zumuntata, duk a akwati suke kwana da kafur, sai Lahadi ko biki su fito. Yanzu ga abin da ya cinye uwar alade da adashe guda, a ce a sa shi a je gona, ko a zauna da shi kusa da ƙurar markaɗe? Ga batir da tsada. Ya buɗe akwati ya kwantar da ita a aljihun kwat, ni kuma na ce ya yi daidai. Yaran unguwa suka raɗa mata suna, wai kunnen Lahadi.

Lahadi ta zo. Ya sa kwat, ya ɗaura agogo, ya rataya kunne, muka tafi coci yana taku ɗai-ɗai. Ai kuwa ana buga ganga, mata suka ɗauki tulunan kiɗa, lasifika ta ɗauka, sai na hango shi daga ɓangaren mata ya runtse ido yana zufa. Ya ja hula ya rufe kunnen, abar ta saki wani fito mai tsini har na kusa da shi suka waiwayo. Kafin a kai ga wa’azi ya fice. Na same shi a gindin bishiya ya riƙe kai, ya ce kamar an mayar da shi ɗakin saƙa, kowace ƙara na shiga amma babu magana ko ɗaya. Lahadi ta gaba ma haka, ta bayanta ko sawa bai yi ba.

Ya ce, “An cuce mu. Abar nan ba ta da kyau.”

Na ce, “Aladiyata fa? Rufin ɗakin baiwar Allah fa? Wallahi ko ba ta da kyau sai ka ji da ita!”

Muna wannan ja-in-ja watan Kirsimeti ya kama, Oga Boniface ya aiko cewa tsoho ya sa rana. Tsoro ya kama ni sosai. Na tasa shi gaba muka koma asibiti, na dire na’urar a gaban Malama Hadiza na ce ta duba mana, ta lalace.

Ta kara a kunnenta, ta juya ta, ta shinshina. “Lafiyarta lau, sai ƙanshin kafur. Yana daɗewa da ita a kunne kullum?”

“Kullum kuma? Ai ta Lahadi ce.”

Ta ɗora hannu a ka. “Mama! Ba a fafe gora ranar tafiya. Kunnen da ya yi shekaru a kwance kamar ƙafar majinyaci ne, ba a ta da shi a ce ya shiga tsere. Kun ɗauke shi daga shiru kun jefa shi tsakiyar ganguna. Wannan ba agogo ba ce, ba ado ba ce, tsufa za ta yi a kunnensa ba a akwati ba.” Ta ɗauki wani ɗan sukundireba ta rage wani abu a jikinta. Ta ce ya fara a wuri mai shiru, da murya ɗaya, a hankali, kullum yana ƙara lokaci. Sai ta dube ni. “Ke kuma, Mama, sai kin rage.”

Ka ji aiki! Ni da inji muka fi komai ƙara a Narayi, kuma mu biyun aka ce mu yi shiru. Na daina ta da inji da safe. Masu markaɗe suka yi ta zuwa da bokitai suna komawa, wasu suka koma wurin wata mai inji a bayan layi, har yau ba su dawo ba, su je Allah ya ba su sa’a. Da safe sai mu zauna a bayan gida, ya rataya kunne, in yi ta ba shi labari ƙasa-ƙasa. Wuya na sha ba kaɗan ba. In fara a hankali, kafin in kai tsakiyar zance na koma gidan jiya, sai in ga ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya.

Kaɗan-kaɗan abubuwa suka fara dawo masa. Ya ji ƙofar ɗakinmu na ƙara, ya tashi ya zuba mata mai, ƙofar da ta shekara tana damuna. Ya ce ashe kaji surutu gare su haka. Ya yi ƙorafin taunarsa ta cika masa kai. Ya koyi karkata hula don kada abar ta yi fito, ya samu gidan ashana yana ajiye batir a ciki. In muka je ’yar gonarmu a Mahuta ɗibar wake, sai in koma bayansa in kira shi a hankali, wani lokaci ya waiwayo, wani lokaci ya ci gaba da aikinsa. In mutane sun yi yawa har yanzu maganar cakuɗe masa take yi, wannan kam ba ta gyaru ba.

Da ranar dawowar baƙi ta matso na ce mu gwada abin da gaske. Na ɗauko mayafi na lulluɓe, na durƙusa a gabansa da wannan jikin nawa, gwiwoyi na ƙara, na sunkuyar da kai. Ya gyara murya ya ce, “Kin san mutanen nan? In karɓi kayansu?” Na maƙale murya na ce, “E, Baba.”

Ya ce, “Na ji. Amma ke ko raɗa kika yi ana ji a Kakuri.”

Ashe maƙwabciyata na leƙe ta katanga. Ta zo ne ta ji ko lafiya, don ta ce gidanmu ya yi tsit kwana biyu, ta ɗauka yaji na yi. Ta same ni a durƙushe cikin mayafi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ranar na gaya mata daga yanzu in gishirina ya ƙare sai dai in aiko.

Ranar da aka sa ta zo. Tun da safe na kashe fanka, na kora yara waje, na roƙi mai janareto na kusa da mu ya yi mana haƙuri. Na ja Sunday gefe na ce in ya buɗe baki kafin a tambaye shi, ni da shi ne. Lizzy ta iso daga Kamazou ta shigo ta ƙofar baya, ta rame, ba ta yarda sun haɗu da Babanta ba. Na kama hannunta a kicin na ce, “’Yata, don girman Allah yau ki buɗe murya. Ki yi kamar ni, sau ɗaya a rayuwarki.” Ta ce za ta yi ƙoƙari, amma ko ni da ƙyar na ji ta.

Baƙi suka zauna. Tsohon bai saki fuska ba, ko sandarsa bai jingine ba, ya riƙe ta a tsakanin gwiwoyi kamar mai shirin tashi. Chigozie na can baya yana murza yatsu. Baban Nelson na zaune cikin kwat, kunne a rataye, wannan karon ba ƙanshin kafur yake yi ba.

Lizzy ta shigo ta durƙusa, mayafi har haɓa, kai a ƙasa. Falo ya yi tsit.

“Lizzy, kin san mutanen nan? In karɓi kayansu?”

Tsoro ya kama ta. Abin da ya fito bai kai na wancan karon ba ma, ɗan siririn sauti ne daga ƙarƙashin mayafi. “E, Baba. Na san su. Ka karɓa.”

Na dubi mijina. Bai motsa ba, bai kaɗa kai ba, ya dai ƙura wa mayafin ido. Can sai ya ce, “Sake faɗa.”

Na ce a raina shi ke nan, aladiya ta tafi, adashe ya tafi, aure ya tafi. Tsoho ya dogara sanda ya fara miƙewa. Sunday ya cika baki da iska.

Baban Nelson ya ɗaga hannu. “Zauna, Baba, don Allah. Sunday, rufe bakinka. Na ji ta. Cewa ta yi, e, Baba, na san su, ka karɓa.” Ya juya wajen baƙi. “Tun tana ’yar ƙarama rabona da muryar yarinyar nan. Ta girma a gabana, ban san yadda take magana ba. Yau da na ji, yau kuma zan ba da ita. Ku yi min haƙuri, so nake in ƙara ji.”

Oga Boniface ya sunkuya ya fassara wa tsohon a kunne. Tsohon ya dubi mijina ya daɗe, sannan ya koma ya zauna, ya kwantar da sandarsa a ƙasa.

Lizzy ta yaye mayafin da kanta. Ta ja gwiwa ta matsa har gabansa, ta ɓangaren dama, fuska sharkaf da hawaye. Ba ta ɗaga murya ba, yadda Allah ya yi ta haka ta yi magana.

“E, Baba. Ina son sa. Ka karɓa.”

Ya ce, “Na ji, ’yata.”

Ya miƙa hannu ya ɗauki goro.